Mai Zane Ma Ma'aikacin Lafiya Ne

Duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya taɓa zuwa Dubai saro kaya ya taka unguwar Al Ras, ko da bai riƙe sunanta ba. Tana ɓangaren Deira, a bakin mashigin ruwan da ya raba tsohon birnin gida biyu, kuma a wajajen nan kasuwar gwal da ta kayan ƙamshi suke, inda hajiyoyinmu ke yini suna cinikin sarƙa da awarwaro da turaren wuta. Da yawa daga cikin kayan adon zamani da ke rataye a bayan gilasan shagunan nan ba a maƙera aka fara su ba. Wani ne ya zauna gaban kwamfuta ya zana su ta kowace fuska, ya auna kaurin kowace lanƙwasa, na'ura ta fitar da siffar da kaki, aka yi mazubi da ita, sannan aka zuba narkakken gwal. Irin wannan ido da irin wannan hannu, da kusan irin wannan na'ura, su ake amfani da su a yau wajen fitar da siffar ƙoƙon kan majiyyaci ko zuciyar jariri, domin likitan tiyata ya jujjuya ta a hannunsa ya san inda zai bi kafin ya ɗauki wuƙa. Gwamnatin Dubai ta gane haka, shi ya sa a shirin da ta ƙaddamar a 2016 kan na'urorin da ke buga abu mai jiki ta sa kayan asibiti cikin manyan fannonin da za ta mayar da hankali a kai, tare da gine-gine. Mu kuwa muna zuwa mu sayo sarƙar, mu bar sana'ar a can.

Sana'ar da nake nufi ita ce zanen likitanci, wato aikin mutumin da ya karanci jikin ɗan Adam kamar yadda ɗalibin likita ke karantarsa, ya kuma ƙware a zane, har ya iya nuna wa ido abin da ke ɓoye ƙarƙashin fata. Ra'ayina shi ne ƙasar Hausa na buƙatar irin waɗannan mutane fiye da yadda Dubai ko Landan ke buƙatarsu, kuma muna da duk abin da ake haɗawa a samar da su, sai dai ba mu haɗa ba.

Mai wannan aiki ba mai kwaikwayon abin da ya gani kawai ba ne. A makarantun da ake koyar da shi, kamar Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, inda wani Bajamushe mai suna Max Brödel ya buɗe sashen farko na irinsa a 1911, ko Jami'ar Toronto a Kanada, ko ta Dundee a Birtaniya, ɗalibi yana shiga ɗakin feɗe gawa, yana zana jarrabawar ilimin sassan jiki, yana tsayawa a ɗakin tiyata da takarda da fensir. A yau an ƙara masa da wani aikin. Na'urar sikanin tana ɗaukar hoton jiki yanka-yanka, ɗaruruwan hotuna masu launin toka waɗanda sai ƙwararre ke iya karantawa. Mai zanen zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ware ƙashi daga tsoka, ya ware jijiyar jini daga ƙari, ya tayar da siffa guda da za a iya juyawa a allon kwamfuta ko a buga ta a riƙe. Hoton ƙwayar cutar korona da duniya ta haddace a 2020, dunƙulen nan mai launin toka da jajayen ƙayoyi, ba kyamara ce ta ɗauke shi ba. Masu zane biyu ne a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Alissa Eckert da Dan Higgins, suka gina shi daga bayanan da masana suka tattara kan siffar ƙwayar. Launukan ma zaɓarsu aka yi domin mai kallo ya bambance sassan.

Mu dawo gida. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru da dama yana yi wa dubban mata aikin yoyon fitsari, kuma a 1994 ya fitar da littafi mai hotuna masu launi da ke nuna aikin mataki-mataki domin likitocin da za su koya. Ya yi hakan ne don ya san baki kaɗai ba ya koyar da hannu. To amma wannan littafin likitoci ne. Ita matar fa, da mijinta, da uwar mijinta wadda sau da yawa ita ke yanke shawarar ko a tafi asibiti ko a ƙara jira? Abin da ke jawo lalurar a mafi yawan lokuta ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya gan shi a zane. Naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya sauko ya maƙale, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin. Bayan kwana ɗaya ko biyu a haka naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ƙofa ta buɗe inda babu ƙofa. Zane huɗu a jere, a takarda guda, sun isa su nuna wannan: kan jaririn, ƙashin, naman da ke tsakani yana canza launi, sai ramin. Wanda ya kalli zanen nan zai fahimci cewa ba aikin iska ba ne, ba laifin matar ba ne, kuma rana ta fito ta faɗi mace na kan gwiwa babban haɗari ne. Ungozoma ko malamar asibiti da ke da wannan takarda a jakarta ta fi wadda ke da jawabi kaɗai ƙarfin hujja a zauren maigida. Gani ya kori ji.

Haka abin yake ga sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Ana gaya wa saurayi da budurwa cewa jininsu bai dace ba, su fita daga ɗakin gwaji da haruffa biyu-biyu a takarda da baƙin ciki a zuciya, ba tare da sun ga dalili ba. Zanen da ya nuna ƙwayar jini mai lafiya tana lanƙwasawa ta wuce ta siririyar jijiya, da wadda ta sandare ta toshe hanya har ciwo ya tashi a ƙashi, da yadda rabon ke faɗowa a kowane ciki, zai sa hukuncin ya zama abin da suka gane da kansu. Haka cutar noma da ke zaizaye baki da fuskar yara, wadda ke da asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a ƙarshen 2023. Tana farawa ne daga dasashi, a matakin da magani mai araha zai iya tsayar da ita. Uwar da aka nuna wa yadda dasashin ke kumbura yana jini a kwanakin farko za ta iya ceton fuskar ɗanta.

Wannan ba zato ba ne. A 1996 an buga wani bincike da aka yi a sashen gaggawa na wani asibiti a Amurka, inda aka ba wasu majiyyata takardar bayanin kula da rauni rubutu zalla, wasu kuma aka haɗa musu da zane. Da aka bi su da tambayoyi bayan 'yan kwanaki, kashi 46 cikin ɗari na masu zanen sun amsa duka daidai, a masu rubutu zalla kuwa kashi 6 ne kacal. A ƙasar da kusan kowa ya iya karatu ke nan. Ina ga asibitin karkara a Jigawa ko Damagaram, inda takardar magani ke zuwa da Turanci ko Faransanci, majiyyaciya kuwa ajami ta sani ko ma ba ta karatu?

Wani zai ce to ai zane-zanen nan suna nan birjik a littattafai da intanet, a kwaso mana. A nan ne matsalar ta fi zurfi. Masu bincike biyu a Kanada sun ƙirga hotuna sama da 4,000 a manyan littattafan koyon likitanci guda huɗu, suka buga sakamakon a 2018: kashi 4.5 cikin ɗari kawai ne ke nuna baƙar fata. Ɗalibin da ke karatu a Kano ko Yamai yana haddace cewa ƙurajen ƙyanda ja ne, cewa wanda iska ta yi wa ƙaranci leɓensa kan yi shuɗi, cewa shawara kan sa fata ta yi rawaya. Ya shiga ɗakin yara ya tarar da fatar da ba ta yin ja, ba ta yin shuɗi, sai ya koyi da kansa, a kan majiyyata, cewa ido zai duba, da tafin hannu, da cikin baki, ya kuma shafa fatar ya ji ƙurajen. Wannan giɓi ne ya sa wani ɗalibin likita a Landan, Malone Mukwende, ya haɗa ɗan littafi a 2020 kan yadda alamun cuta ke bayyana a baƙar fata. Kuma ba launi kaɗai ba ne. Masana harhaɗa magunguna a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu sun gwada alamomin da ake mannawa a kwalbar magani, suka ga mutanen da ba su yi nisa a karatu ba sun fi gane waɗanda aka zana a gida da shawarar jama'ar wurin fiye da waɗanda aka kawo daga Amurka. Zanen da ke nuna lokacin shan magani da fuskar agogo ba zai yi aikin da zai yi ba idan aka nuna shi da asuba da azahar da isha'i. Wanda zai san wannan sai wanda ya tashi a cikinmu.

Yaron da zai iya zama irin wannan mai zane yana nan a kowane aji. Shi ne wanda malamin bayoloji ke kira ya zana zuciya a allo, wanda littafinsa ke yawo hannu-hannu ana kwafa. Da ya gama ƙaramar sakandare sai a ce ya zaɓa, ko ajin kimiyya ko ajin adabi, kuma duk wanda ya zaɓa rabinsa ya bari a ƙofa. Idan ya tafi kimiyya, zanen ya zama shiririta da ake tsawatar masa a kai. Idan maki bai kai shi likitanci ba, sai a ɗauke shi wanda ya faɗi. Idan ya tafi wajen zane, ya rabu da ɗakin gwaje-gwaje har abada, ya ƙare a rubuta allunan shaguna da fastocin 'yan siyasa. Ba na raina wannan aiki, halal ne, amma asara ce a ce iyakar abin da ƙasa za ta samu daga irin wannan baiwa ke nan. Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifaniya, zane ya so tun yana yaro, mahaifinsa ya tura shi likitanci, sai ya riƙe duka biyun. Zane-zanensa na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ne hujjar da ya kafa bincikensa a kai, ya samu kyautar Nobel a 1906. Frank Netter likita ne a New York da ya bar duba marasa lafiya ya koma zane, kuma littafinsa na sassan jiki da ya fito a 1989 yana hannun ɗaliban likita a Zariya da Sakkwato har yau. Na kusa da mu shi ne Chidiebere Ibe, matashi ɗan Nijeriya da ya koya wa kansa zanen a kwamfuta. A ƙarshen 2021 ya saki zanen baƙar mace mai ciki da baƙin ɗan tayi a mahaifarta, zanen ya zaga duniya, mutane da dama, har da ma'aikatan lafiya, suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Abin alfahari ne, amma ni ya fi ba ni takaici, domin ya nuna cewa baiwar tana nan, hanyar ce kowa ke sharewa shi kaɗai.

Akwai damuwar da ba zan tsallake ba, domin ita ce ta fi nauyi a zukatan iyaye: hukuncin zana abu mai rai. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu yin surori sanannu ne, kuma wanda ya ji tsoronsu bai yi laifi ba. Sai dai malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yi rinjaye a ƙasarmu, sun daɗe da rarrabe al'amarin. Abin da suka haramta shi ne siffa mai jiki, mai inuwa, cikakkiya, ta mutum ko dabba. Zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai wannan matsayi ba a wurinsu, siffar da ba ta cika ba kuwa, wadda mai rai ba zai rayu a haka ba, ba ta shiga haramcin. Mafi yawan aikin da muke magana a kai ƙoda ce, ko ido, ko rabin ƙirji a buɗe. Ga kuma lalurar ilimi da ta magani, wadda a kan irinta ne malamai suka amince da hoton fasfo da na katin shaida. Tarihinmu ma bai ƙi abin ba. Az-Zahrawi na Andalus, wajen shekara ta 1000, ya zana kayan tiyata kusan 200 a littafinsa At-Tasrif. Mansur ɗan Ilyas na Shiraz ya zana jikin mutum da ƙasusuwansa da jijiyoyinsa a ƙarshen ƙarni na 14, tun kafin littafin Vesalius na 1543 da Turawa ke ƙirga farkon ilimin sassan jiki na zamani daga gare shi. A 1465 wani likita Baturke a garin Amasya, Sharafuddin Sabuncuoglu, ya rubuta littafin tiyata da zanen likita da majiyyaci suna aiki. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir, abin da ke nuna cewa shugabannin jihadi sun ɗauki lafiyar jiki a matsayin ilimin da ya cancanci alƙalami. Inda aka zo kan cikakkiyar siffar roba da ake koyar da ɗalibai da ita, wannan tambaya ce da ya dace a kai wa malamai da cikakken bayanin amfaninta, su yi fatawa a kan sani.

Ni a ganina ma zane ya fi hoton kyamara kusa da tarbiyyarmu. Idan za a koya wa ɗalibai ko a wayar da kan jama'a kan ciwon nono ko na mahaifa da hoto, to tsiraicin wata baiwar Allah aka ɗauka, kuma a zamanin WhatsApp ba wanda zai iya lamunce inda hoton zai tsaya. Zane ba jikin kowa ba ne. Yana nuna abin da ake buƙatar gani, ya rufe sauran. Wannan kuma shi ne amsar masu cewa kyamara ta wadatar. Hoton cikin mutum a lokacin tiyata jini ne da kitse da hannuwa da ƙarafa, ɗalibi sabon shiga ba ya gane gabas ko yamma. Mai zane yana cire abin da bai da amfani, ya fito da jijiyar da in aka yanke ta an yi ɓarna, ya nuna abin da ke bayan abin da ido ke gani.

Ƙirƙirarriyar basira fa, wadda ake cewa za ta kori masu zane duka? Tana fitar da hoto mai sheƙi cikin daƙiƙoƙi, gaskiya ne. Amma tana iya ƙara haƙarƙari, ta sa jijiya inda babu ita, ta rubuta sunan da ba na wurin ba, kuma hoton ya fito da kyan da zai ruɗi wanda bai sani ba. Daga hotunan da ke akwai take koyo, mun kuwa ga irin fatar da ta yi yawa a cikinsu. Za ta zama kayan aiki mai saurin gaske a hannun wanda ya san jikin mutum. Dole dai a samu mutumin da zai duba ya ce wannan daidai ne, ya sa hannu, a kama shi idan ya yi kuskure.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce mai ƙarfi. Asibitin da ba shi da isassun likitoci, ba wuta, ba jini a ma'ajiya, ina shi ina mai zane? Na yarda cewa idan za a zaɓa tsakanin ungozoma da mai zane a asibitin ƙauye, ungozoma za a ɗauka, ba gardama. Amma ba haka zaɓin yake ba. Ba kowane asibiti ke buƙatar nasa ba. Mutum biyu ko uku a asibitin koyarwa guda za su iya samar da abin da jihohi da dama za su yi shekaru suna amfani da shi, domin zane sau ɗaya ake yinsa, a buga dubbai, a tura ta waya kyauta. Ƙarancin likitocin ma hujja ce a gare ni, ba a kaina ba: inda likita ke da mintuna kaɗan ga kowane majiyyaci, takardar da za ta ci gaba da bayani bayan an fita daga ɗakinsa ta ƙara daraja. Kayan aikin kuma ba su kai tsadar da ake zato ba, tunda manhajoji irin su Blender da 3D Slicer kyauta ake sauke su. Batun samun abinci kuwa, ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa da Nijar suna buga fastoci da littattafan horarwa kowace shekara, mawallafa na buƙatar zanen littattafan sakandare, kuma aiki ne da mutum zai yi daga Funtuwa ya aika wa mai saye a wata nahiya ba tare da ya bar iyayensa ba.

Wa zai ɗauki nauyin farawa? A cikin Al Ras ɗin nan akwai tsohuwar makarantar Al Ahmadiya, wadda wani attajirin lu'ulu'u, Shaihu Ahmad bin Dalmuk, ya assasa a 1912, shekaru da yawa kafin Dubai ta ga kuɗin mai. A unguwar ne kuma aka buɗe ƙaramin wurin shan magani na farko a birnin a 1943. Kuɗin fatauci ne ya fara gina ilimi a wurin. Attajiranmu ba baƙin wannan hali ba ne, sun gina masallatai da makarantu da ɗakunan jinya a asibitoci. Ɗaukar nauyin karatun yara biyar, da sayen kwamfutoci goma da na'urar bugawa guda, bai kai kuɗin kwantena ɗaya ta kaya ba.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta gaji ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun zane na ƙasar nan, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya fuskar zane a Nijeriya. Ita ce kuma ke da tsangayar koyon likitanci tun 1967, da asibitin koyarwa a Shika. Malaman zane da malaman sassan jiki suna karɓar albashi daga ofishi ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne su zauna su tsara kwas na shekara ɗaya ko biyu bayan digirin farko, mai ƙofa biyu: wanda ya karanci zane ya shigo ya koyi jiki, wanda ya karanci sassan jiki ko jinya ya shigo ya koyi zane, aikin kammalawar kowane ɗalibi kuma ya zama abin da wani asibiti a Arewa ya nema da bakinsa, da Hausa a boko da ajami, a gwada shi a kan majiyyata kafin a buga. Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai za su iya biyo baya. Ina kira ga majalisar malaman jami'ar ta Zariya ta sa wannan magana a ajandar zamanta, ga iyaye kuma, idan kuka ga yaro na zana zuciya da huhu a bayan littafinsa, ku saya masa fensir da takarda, ku bar shi a ajin kimiyya.